Yadda ake tantance hoton ƙashin wuya da na saman gadon baya kafin a sallami majiyyaci

Wani ɗalibi da ke koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi, wato eksire, a nan Legas ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun da aka tura shi asibiti gwajin aiki, babu hoton da manyansa suke yawan mayar masa da shi kamar na wuya da na saman gadon baya, alhali a idonsa hotunan suna fita tas, ƙashi fari sol, babu dishi-dishi. Yana so ya san abin da suke gani wanda shi bai gani ba, da kuma lokacin da ya wajaba a sake hoto da lokacin da za a bar shi yadda ya fito.

Ƙanena, fitar hoto tas ita ce mafi sauƙin abin da ake nema a yau, domin injinan zamani masu kwamfuta suna gyara haske da duhu da kansu ko da ka ɗan kuskure ma'auni. Abin da inji ba zai taɓa gyara maka ba shi ne yadda ka tsayar da majiyyaci ko ka kwantar da shi, kuma can ne manyanka suke kai ido tun kafin su kula da kyan hoton. Duk kuskuren da aka yi wajen tsayar da mutum yana barin sawu a cikin hoto, don haka aikin da ke gabanka shi ne ka koyi bin sawun nan har ka koma jikin mutumin, ka gane ko haɓarsa ce ta yi ƙasa, ko kafaɗarsa ce ba ta sauka ba, ko kuwa ya karkata ne kana bayan allon kariya ba ka lura ba. Ko asibitin koyarwa na Idi-Araba aka tura ka, ko asibitin ƙashi na Igbobi, ko wani ƙaramin asibiti a Agege, ma'aunin bai canja ba.

Kafin ka dubi ƙashi, tabbatar da suna da kwanan wata, sannan ka nemi alamar dama ko hagu ta dalma wadda ka ɗora a kan faranti, wato allon da ke karɓar hoton, kafin ka danna. Alamar da aka rubuta da kwamfuta bayan an gama tana dogara ne da tunanin mai rubutawa kawai, kuma a hoton wuya na gaba, inda dama da hagu suke kama da juna, babu zuciya ko hanta da za su tona maka asirin kuskure. Bayan haka sai ka duba ko akwai baƙon abu. A wurinmu baƙin abubuwan sanannu ne: ɗankunne, sarƙa, allurar da ake maƙale mayafi da ita, haƙoran roba masu ƙarfe, kitso mai kauri da ya kwanto a kan ƙeya, da laya. Laya tana buƙatar lalama, domin dattijo ba zai cire ta don ka ɗaga masa murya ba. Ni kan ce, "Baba, a riƙe ta a hannu na minti biyu, da an gama za a mayar," kuma ban cika samun wanda ya ƙi ba. Mace kuma a ba ta wuri ta kimtsa, a kira ma'aikaciya ta taimaka mata, a kuma tambaye ta cikin sirri ko akwai yiwuwar juna biyu.

Hoton gefe shi ne uban tafiya a hotunan wuya, kuma a kansa zan fi daɗewa. Abu na farko da za ka yi da shi shi ne ƙidaya, da yatsa a kan allo, daga gindin ƙoƙon kai zuwa ƙasa. Gaɓoɓin wuya 7 ne, C1 zuwa C7, kuma hoton bai cika ba sai ka ga dukkansu tare da saman gaɓar farko ta gadon baya, wato T1, da faifan guringuntsin da ke tsakanin C7 da T1. Dalili kuwa, a nan ne wuya mai yawan motsi yake haɗuwa da gadon baya wanda haƙarƙari ya ɗaure, kuma irin wannan mahaɗa wurin rauni ce idan mutum ya faɗi ko aka buge shi. Abin takaici, nan ne kuma kafaɗu suke rufewa. Mutanenmu da yawa a garin nan aikin ƙarfi suke yi. Ka ɗauki ɗan dako a kasuwar Mil 12 wanda ya shekara goma yana ɗora buhun albasa a ka, za ka tarar da wuya gajere da kafaɗu kamar dutse, kuma idan ka ɗauke shi yadda ya tsaya, da ƙyar ka wuce C5 ko C6. Idan ba rauni ya kawo shi ba, ka ba shi nauyin kilo 2 zuwa 4 a kowane hannu, ka ce ya saki kafaɗunsa ƙasa da ɗan baya, ya fitar da numfashi duka ya riƙe, sannan ka danna. Fitar da numfashin yana da muhimmanci, domin duk wanda ya ja iska ya cika ƙirji, kafaɗunsa tashi suke yi ko bai sani ba.

Nisan kan inji daga faranti a wannan hoton santimita 150 zuwa 180 ne, ni kuwa na fi son 180. Kafaɗa ce take manne da faranti, wuya yana can nesa da shi, kuma duk abin da ya yi nesa da faranti yakan fito da girma fiye da yadda yake, gefunansa su dushe. Ja da inji baya shi ke rage wannan. Tsakiyar hasken eksire tana sauka a C4, daidai saman zakaran wuya.

Da ka gama ƙidaya, sai ka nemi juyawa da karkata, kuma ka rarrabe su, domin gyaransu daban ne. A hoton gefe na gaskiya, ginshiƙan mahaɗan baya na dama da na hagu suna hawa kan juna su zama ɗaya, bayan jikin kowace gaɓa kuma ya fito layi guda. Idan mutum ya juya, kamar mai son waiwayawa, za ka ga ginshiƙan sun rabu gaba da baya, ɗaya ya riga ɗaya, bayan jikin gaɓa ya zama layi biyu, rassan muƙamuƙi ma ɗaya ya tsere wa ɗaya. Idan kuwa karkata ya yi, wato ya kwantar da kunne wajen kafaɗa, rabuwar sama da ƙasa za ta kasance, kuma bakan baya na C1, wanda ya kamata ya fito dunƙule, sai ya buɗe kamar zobe. Karkata ta fi yawa ga wanda aka ce ya manna kafaɗa da faranti, domin yakan kai kansa ma ya jingina. Juyawa kuma sau da yawa daga ƙafa take farawa, saboda haka ka daidaita ƙafafu da ƙugu da kafaɗu kafin ka taɓa kai. Haɓa a ɗan ɗaga ta, gwargwadon yadda kusurwar muƙamuƙi za ta kauce daga gaban C1 da C2. Idan aka wuce gona da iri, ƙeya ce za ta sauko ta rufe bakan C1.

Akwai abin da ɗalibai suke yawan yankewa don hoto ya yi kyau, wato naman da ke gaban ƙashi, tsakanin jikin gaɓoɓi da hanyar iska. Wannan naman shaida ne. Ga babban mutum, kaurinsa a daidai C2 bai kamata ya wuce milimita 6 zuwa 7 ba, a daidai C6 kuma bai wuce 22 ba, ga yaro kuwa kusan 14 a C6. Idan ya kumbura bayan haɗari, jini ne ya taru, kuma wani lokaci shi kaɗai ne alamar karayar da ba ta fito fili ba. Saboda haka hoton da ƙashinsa ya yi kyau amma naman gaba ya ƙone baƙi ƙirin, ko aka tsuke haske har aka datse shi, hoto ne da ya zubar da rabin amfaninsa. Haka nan tazarar da ke tsakanin bakan gaba na C1 da turken C2 (ƙashin da ya miƙe sama daga C2 ya shiga cikin zoben C1), wadda ba ta wuce milimita 3 ga babba, 5 ga yaro, ba ta aunuwa sai hoton gefe ne na gaskiya. Likita zai bi layuka huɗu da ido: gaban jikin gaɓoɓi, bayansu, gindin ƙayoyin baya, da tsininsu. Tsakanin layi na biyu da na uku laka take wucewa. Idan ka ba shi hoto mai juyawa, layin zai nuna masa tsani, wato gaɓa ta zame daga jeri, inda babu, ko ya ɓoye wanda yake akwai. A ƙananan yara C2 takan ɗan zamo gaba a kan C3 ba tare da wani ciwo ba, musamman idan wuyan ya lanƙwasa gaba, shi ya sa yadda aka kwantar da yaro yake iya sa a tayar da hankalin iyaye a banza.

Duk abin da na faɗa game da nauyi a hannu da ɗaga haɓa ya shafi wanda ya shigo da ƙafarsa ne. Wanda aka kawo bayan haɗari, yana kwance da kwalar tallafe wuya, hukuncinsa daban. Ba a cire kwalar, ba a juya kai, ba a ɗaga haɓa, ba a zaunar da shi. Inji ake kwantarwa, haske ya ratsa a miƙe daga gefe, faranti yana tsaye a ɗaya gefen kafaɗa, kuma likita yana duba wannan hoton kafin a yi wani motsi. Ko jan hannuwa ƙasa don a sauke kafaɗa, sai da izinin likita, kuma sai an tabbatar babu karaya a hannu ko kafaɗa.

Wani dare, shekarun baya, aka kawo mana wani matashi ɗan acaɓa da mota ta ture. Bahaushe ne, ba ya jin Yarabanci, Turancinsa kuma kaɗan ne, sai aka kira ni in yi tafinta. Yana motsa hannu da ƙafa, yana ta cewa, "Yaya, wallahi lafiyata ƙalau, a cire mini wannan abin in tafi, babur ɗin ba nawa ba ne." An riga an ɗauki hoton gefe, ya fita tas, layuka a miƙe, har an fara maganar sallama. Na sa yatsa na ƙirga, sai na tsaya a shida. Ƙasa da nan farin kafaɗa ne kawai. Na ce masa, "Ƙanena, yi haƙuri, saura hoto ɗaya, kada ka motsa kanka ko da an kira sunanka." Likita ya duba hannuwansa ya yarda, muka ɗaga hannun da ke wajen faranti sama da kai, ɗayan aka sauke shi ƙasa. Da hoton ya fito, C7 ta zame gaba a kan T1, tsanin a fili yake ko ɗalibi zai gani. Har yau ina tuna yadda ɗakin ya yi tsit. An bar masa kwalarsa, aka wuce da shi wurin likitocin ƙashi a daren. Tun daga 2022 an hana acaɓa a wasu sassan jihar, amma irin waɗannan samari ba su daina shigowa ba, kuma kusan kowannensu sauri yake ya tafi.

Wannan hoton da muka yi shi ake kira hoton mai ninƙaya, saboda yadda hannu ɗaya yake sama ɗaya ƙasa. Tsakiyar haske tana T1, kimanin santimita 2 da rabi sama da ramin da ke saman ƙirji, ko kuma daidai tsinin C7 da kake ji da yatsa a gindin wuya ta baya. Idan kafaɗar da ke nesa da faranti ta ƙi sauka, a karkata haske digiri 3 zuwa 5 wajen ƙafa. Wajen tantance shi, ka duba ko kawunan ƙasusuwan damtse biyu sun rabu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko gaɓoɓi daga C5 zuwa T3 sun fito a gefe ba a karkace ba, ko kuma haske ya ratsa kaurin kafaɗa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juya ƙirjin mutum don a raba kafaɗun, sai a samu hoto mai kyan gani wanda ba za a iya auna jeri da shi ba. Kada ka sa ran wannan hoton ya yi kyau kamar na gefe. In dai ana iya bin gaba da bayan jikin C7 da T1, ya biya buƙata. Ka kuma bar wata gaɓa da za a gane a cikinsa, don mai karantawa ya samu inda zai fara ƙidaya.

Ɗaya ƙarshen wuyan, na sama, shi ne wuri na biyu da hotuna suke faɗuwa. C1 da C2 suna ɓoye a bayan muƙamuƙi da haƙora, sai ta cikin buɗaɗɗen baki ake ganinsu daga gaba. Tagar da kake da ita ƙarama ce, sama haƙoran gaba na sama, baya kuma gindin ƙoƙon kai, kuma dabarar ita ce ka sa waɗannan biyun su hau kan juna. Ana samun haka ne idan layin da ya tashi daga bakin haƙoran sama zuwa tsinin ƙashin bayan kunne ya tsaya cak a kan faranti. Karatun kuskuren a nan yana da sauƙi idan ka riƙe shi: in haƙora ne suka rufe turken C2, haɓa ta yi ƙasa, a ɗan ɗaga ta; in gindin ƙoƙon kai ne ya rufe shi, kai ya yi baya da yawa, a ɗan sunkuyar. Idan kuwa haƙora da gindin kai sun riga sun hau kan juna amma har yanzu saman turken a rufe yake, to halittar mutumin ce haka, kuma sake hoto sau uku ba zai buɗe shi ba. Sai a nemi wata hanya, kamar hasko turken ta ƙarƙashin haɓa ga wanda ba shi da rauni, ko a tafi CT, hoton kwamfuta mai nuna jiki yanka-yanka.

Buɗe baki shi ne abu na ƙarshe da za ka umarta, kuma bayan ya buɗe ka sake duba layin, domin yawancin mutane da ka ce su buɗe baki sai su jefa kai baya kamar a wurin likitan haƙori. Ka ce muƙamuƙin ƙasa kaɗai zai sauke, ya kuma ce "aaa" a hankali lokacin da kake dannawa, don harshe ya kwanta ƙasa. Wata Hajiya da na taɓa ɗauka tana da haƙorin Makka a gaba, farin tabonsa ya sauka daidai kan turke. Da na ɗaga haɓarta da abin da bai kai faɗin yatsa ba, tabon ya hau sama, turken ya fito sarai. Wushirya ma tana da nata rikicin, domin ratar da ke tsakanin haƙoran gaba takan zana baƙin layi a tsaye a kan turke kamar tsagewa, haka nan inuwar bakan C1 takan gitta gindinsa kamar karaya. Hanyar ganewa ita ce ka bi layin: idan ya zarce gefen ƙashin ya ci gaba, inuwa ce. A hoto mai kyau turke yana tsakiya, tazararsa da dunƙulen C1 na dama da na hagu daidai take, gefunan C1 kuma suna zaune daidai a kan gefunan C2. Idan kai ya juya, gefe ɗaya zai leƙo waje ɗayan ya shige ciki. Idan duka biyun suka leƙo waje, wannan ba kuskurenka ba ne, alama ce ta fashewar zoben C1 wadda ake kira karayar Jefferson, kuma idan jimillar leƙowar ta kai kusan milimita 7 ana tsoron jijiyar da ke riƙe turke ta tsinke. Ka ga irin wannan, ka bar majiyyaci yadda yake, ka kira likita nan take.

Hoton gaba na sauran wuyan ba shi da wahala sosai. Ana karkata haske digiri 15 zuwa 20 wajen kai, a saita a C4, don ya bi ta tsakanin gaɓoɓi. Ya kamata a ga C3 zuwa T2, faifan tsakani a buɗe, ƙayoyin baya a jere a tsakiya, muƙamuƙi da ƙeya kuma sun haɗu a kan C1 da C2. Faifai a rufe yana nufin karkatar ba ta isa ba, muƙamuƙi a kan C3 da C4 yana nufin haɓa ta yi ƙasa.

Hotunan kaikaice, inda ake juya jiki da kai gaba ɗaya digiri 45, don ƙofofin da jijiyoyi suke fita ake yinsu, kuma su ne likita yake nema ga mai kukan sanyin hannu ko ciwon da ke sauka daga wuya zuwa yatsu. Idan mutum ya fuskanci faranti, haske yana karkata digiri 15 zuwa 20 wajen ƙafa, kuma ƙofofin gefen da ke kusa da faranti ake gani. Idan ya ba faranti baya, haske yana karkata wajen kai, ƙofofin gefen da ke nesa ne suke buɗewa. Wanda ya rikita wannan zai sa a ɗora ciwon dama a hagu, shi ya sa nake nacewa a kan alamar dalma. Na fi son a fuskantar da mutum ga faranti, domin hakan yana rage hasken da ke sauka a kan tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake ce mata maƙoƙo. Juyin da bai kai 45 ba, ko ya wuce, yana tsuke ƙofofin, kuma tsukewar ƙarya tana iya zama ciwo a rubuce a takardar mutum. Hotunan sunkuyawa da ɗaga kai kuwa, sai likita ya rubuta, majiyyaci ne zai motsa da kansa iya inda zai iya, hannunka ba ya tura kan kowa.

A gadon baya, mai gaɓoɓi 12, matsalar ta kauri ce. Saman ƙirji siriri ne, ga iskar maƙogwaro, ƙasa kuma ga zuciya da saman ciki, don haka ma'auni ɗaya yakan ƙona sama ya bar ƙasa fari. Kan inji ba ya fitar da haske daidai a ɓangarorinsa biyu, waɗanda ake kira katod da anod, ɓangaren katod ya fi na anod ƙarfi, saboda haka ka kwantar da mutum kansa yana wajen anod, cikinsa yana wajen katod. Ka san wane gefe ne wanne a injin da kake aiki da shi. Ɗalibai da yawa suna gama wata uku a ɗaki ba su taɓa dubawa ba. A lanƙwasa gwiwoyi don baya ya kwanta, a saita a T7, santimita 8 zuwa 10 ƙasa da ramin saman ƙirji, a ɗauka bayan fitar numfashi. Hoton ya kama daga C7 zuwa L1, gaɓar farko ta ƙugu, domin da haƙarƙarin farko ko na 12 ake ƙidaya, kuma likitan da zai yi aiki a T8 ba zai yarda da gaɓar da ba a san lambarta ba.

A nan ina roƙonka kada ka tsuke haske har ka manne da ƙashi. Tarin fuka yana da yawa a ƙasarmu, kuma idan ya kama ƙashin baya, ciwon da aka sa wa sunan likitan Ingila Percivall Pott wanda ya bayyana shi a 1779, ƙasan gadon baya da mahaɗarsa da ƙugu ya fi so. Yana cin gefunan gaɓoɓi biyu maƙwabta, faifan tsakaninsu ya tsuke, mugunya ta taru a gefen ƙashi ta fito a hoton gaba kamar inuwa mai kumburi, daga baya gaɓa ta rufta ta gaba mutum ya yi doro. Mai ciwon baya na watanni, da rama da zazzaɓin dare, inuwar gefen nan ce za a fara gani a hotonsa, idan ka bar mata wuri.

Hoton gefe na gadon baya yana son ƙashin ya kwanta daidai da tebur. Mai faɗin kafaɗa da siririn ƙugu bayansa yakan lotsa, sai a sa matashin tallafi wanda ba ya barin inuwa a hoto a ƙarƙashin kwiɓi, ko a karkata haske digiri 10 zuwa 15 wajen kai. Alamar an yi daidai ita ce faifan tsakani a buɗe tun daga sama har ƙasa. A shimfiɗa tabarmar dalma a kan tebur a bayan majiyyaci don ta tare hasken da ke warwatsuwa, wanda farantan zamani suke saurin ɗauka. Ga wanda zai iya kwanciya shiru, a rage mA, wato yawan hasken da inji ke fitarwa, a tsawaita lokaci zuwa daƙiƙa 2 ko 3 yana numfashi a hankali, haƙarƙari da huhu su dushe, gaɓoɓi su tsaya fes. Idan gaɓoɓin ma sun dushe, jiki ne ya motsa. Haƙarƙarin baya na dama da na hagu ba sa haɗuwa ɗaya tak, amma ratar da ta wuce kusan santimita 1 juyawa ce. Gaɓoɓi uku na sama ba sa fitowa a wannan hoton saboda kafaɗu, don haka idan ciwon can yake, sai an haɗa da hoton mai ninƙaya.

Game da ma'aunin haske, kada ka yarda da idonka kaɗai. Hoton da hasken bai isa ba yana fitowa da tsaki-tsaki idan ka faɗaɗa shi, siraran layukan cikin ƙashi su ɓace. Wanda hasken ya yi yawa kuwa kyau yake ƙarawa, kuma nan haɗarin yake, domin ma'aikaci yakan saba da ƙarawa kaɗan-kaɗan, majiyyata suna shan radiyeshin da ba su buƙata, babu mai tsawatawa. Ka duba lambar da injin yake nunawa bayan kowane hoto. A injinan da suke bin ma'aunin duniya, lambar kaucewa ta sifiri tana nufin an dace, +3 ninki biyu ne na abin da ake so, −3 kuma rabi. Yanke gefen hoto da kwamfuta bayan an ɗauka ba ya mayar da hasken da ya riga ya shiga jiki; tsukewa ta gaskiya kafin dannawa ake yinta.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ana sake hoto idan wani sashe da ake nema bai fito ba, kamar mahaɗar C7 da T1 ko turken C2, ko juyawa ta hana auna jeri, ko motsi ya dusar da ƙashi, ko baƙon abu ya zauna a kan wurin da ake tuhuma, ko babu tabbacin dama da hagu. Ba a sakewa don ɗankunnen da ke can nesa da ƙashi, ko ɗan karkatar da ba ta taɓa amsar da likita yake nema ba. Kafin ka sake, ka faɗa wa kanka abin da za ka canja da yawan da za ka canja shi. Idan ba ka da amsa, ka kira babba ya duba tare da kai, domin hoto na biyu da aka ɗauka ba tare da gyara ba na farkon ne aka maimaita. Likitocin gaggawa suna da ƙa'idojin zaɓen wanda yake buƙatar hoton wuya bayan rauni, irin na binciken NEXUS na Amurka da aka wallafa a 2000 da ƙa'idar Kanada ta 2001, kuma ga wanda haɗarinsa ya yi tsanani CT ya fi hoton eksire gano karaya nesa ba kusa ba. Na san kuɗinsa yana da nauyi ga yawancin mutanenmu, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Duk da haka, idan ka gwada hoton gefe da na mai ninƙaya ga mai rauni, mahaɗar ba ta fito ba, ka tsaya nan. Ka rubuta a fili cewa an ga C1 zuwa C6 kawai, C7 da T1 ba su fito ba, ka kai wa likita da bakinka, kwalar kuma ta zauna a wuyansa har sai an samu hoton da ya nuna wurin.